Daga gwangwanin alewa zuwa dutsen marmara: waiwaye kan amfilifayar hedifon

Da zarar an kusa wani babban baje kolin kayan sauti irin su CanJam, sai ka ji masu son harkar nan sun fara raɗe-raɗi, an ce kamfani kaza zai sabunta amfilifayarsa ta hedifon, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga hedifon, za a ƙara mata ƙarfi, za a canza mata ramin da ake soka hedifon, za a sa mata sabon cif, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa sautin. Ni ma ina cikin masu zuba ido, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na daɗe da lura da shi shi ne, mafi yawan gyaran da ake wa waɗannan na'urori hedifon ne ya tilasta shi. Shi ne a gaba, ita tana bin sa a baya, kuma tun fil azal haka tafiyar take.

A da can ai ba kasafai ake fita kasuwa neman amfilifayar hedifon ita kaɗai ba. Lokacin da Koss na Amurka ya fitar da SP/3 a 1958, da lokacin da Sennheiser na Jamus ya kawo HD 414 a 1968, galibi jona su kawai ake yi da na'urar sautin da ake da ita a gida, shi kenan. Waɗanda suka fita daban su ne Stax na Japan, da suka fara sayar da SR-1 a 1960. Nasu ba maganaɗisu ke motsa shi ba, wata leda ce siririya da ba ta kai kaurin gashin kai ba, an shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu huji, kuma sai an ɗora mata lantarki mai yawan gaske take aiki, an daɗe ana amfani da bolt 230, daga baya suka kai shi 580. To irin wannan dole sai da akwatinsa na musamman. A kan wannan layin Sennheiser ya yi Orpheus a 1991, guda 300 kacal aka ƙera, kowanne da amfilifayarsa mai kwalaben bawul irin na tsohuwar rediyo. A 2015 suka sake dawo da shi da sunan HE 1, jikinsa marmarar Carrara ta Italiya, in ka kunna sai kwalabe takwas su taso a hankali daga cikin dutsen, kuɗinsa a lokacin wajen yuro 50,000.

Amma fa ba waɗannan ne suka buɗe kasuwar ba, ƙananan mutane ne. A 1992 Tyll Hertsens ya kafa HeadRoom a Bozeman da ke jihar Montana, yana yin 'yan ƙananan amfilifayoyi masu wata dabara da ke tsiyaya ɗan sautin kunnen hagu zuwa dama, na dama zuwa hagu, don kai ya daina gajiya, kamar dai kana zaune gaban lasifika biyu. A 1997 hedifon HD 600 na Sennheiser ya fito da ohm 300, wato turjiya mai yawa ga lantarki, wanda 'yar na'urar CD ta aljihu ba ta iya juya shi yadda ya kamata, sautin ya fito a sanyaye ba kuzari. Sai wani mai suna Chu Moy ya saki zanen wata amfilifaya mai sauƙin haɗawa kyauta a intanet, cif ɗaya, batir mai bolt 9, mutane suka riƙa cusa ta cikin gwangwanin alewar Altoids suna huda ramuka biyu a gefe. Wallahi ina ganin wannan gwangwanin ya koya wa mutane amfanin abin fiye da duk wata talla.

Zango na biyu shi ne na tseren ƙarfi. Wajen 2010 hedifon masu faffaɗan maganaɗisu suka dawo, su Audeze LCD-2 da HiFiMan HE-6, kuma shi HE-6 ɗin nan maci wuta ne na gaske, har masu shi suka koma ɗaura wayarsa kai tsaye a bayan amfilifayar lasifika saboda na hedifon sun gaza. Daga nan aka fara lissafin wat, wato ma'aunin ƙarfin da amfilifaya ke bayarwa, wannan na da 2, wancan na da 6, wani ya haura 10. Hedifon Susvara na HiFiMan da ya zo a 2017 a kan dala 6,000 ya ƙara wa wutar fetur. A wannan 2010 ɗin ne kuma Jason Stoddard da Mike Moffat suka kafa Schiit a Kalifoniya, suka fara da amfilifaya mai suna Asgard a dala 249, abin da ya jawo farashi ƙasa sosai.

Sai rigimar awo, wadda ita ce ta fi jan hankalina. A 2011 wani injiniya da bai taɓa bayyana sunansa ba, ana kiran sa NwAvGuy, ya fara auna na'urori masu tsada yana nuna cewa wasunsu ba su kai abin da ake faɗa ba, ya kuma zana tasa mai suna O2 ya bayar kyauta. Shi ya yayata ƙa'idar nan ta ɗaya bisa takwas, wato turjiyar bakin amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon, in naka ohm 32 ne to tata kada ta haura 4, in ba haka ba sai ta sauya maka launin sauti, gangar, wato sautin ƙasa mai kauri, ta kumbura ta saki jiki. A 2012 mutumin ya yi shiru ba a sake jin ɗuriyarsa ba, amma abin da ya shuka ya tsiro. Amfilifayar THX AAA 789 mai tsabtar awo ta fito a 2018, kamfanonin Sin irin su Topping da SMSL suka biyo baya, yau da 'yan ɗaruruwan daloli za ka samu wadda gurɓatar sautinta ta yi ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam zai iya kamawa. A ganina wannan tseren an gama shi, ƙarin lamba ɗaya ko biyu a takardar awo ba abin da zai ƙara wa mai sauraro.

Shi ya sa sabuntawar yanzu ta koma gefe-gefe. Akwai ta rami, tun da aka tsayar da filogin milimita 4.4 a Japan a 2016 kusan kowa sai da ya sake fuskar na'urarsa. Akwai wadda dole ce ta sa, gobarar da ta cinye masana'antar AKM mai ƙera cif ɗin sauti a Nobeoka ta Japan a Oktoban 2020 ta sa kamfanoni da dama suka sake fitar da tsofaffin samfura da cif ɗin ESS ko Cirrus Logic, wasu suka koma jera 'yan resisto, wato ƙananan sassa masu rage gudun lantarki, da kansu a madadin cif, abin da ake kira R2R. Masu amfilifayar kwalaben bawul su ma sun ɗanɗana a Maris 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa kwalaben da ke fitowa daga masana'antar Saratov ta Rasha, farashi ya tashi cikin kwanaki. Ga kuma manhajar ciki da ake sabuntawa ta USB, da tsarin daidaita sauti da ake sakawa a jikin na'urar.

Mu da ke nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Lantarkinmu bolt 230 ne, na Amurka 120, kuma da yawa cikin manyan amfilifayoyin nan taransifomarsu iri ɗaya kawai take karɓa. Na ga wani abokina ya jona tasa da aka kawo masa daga can ba tare da ya duba bayanta ba, ƙara ɗaya ta yi, ɗakin ya gauraye da ƙaurin waya, raina ya ɓaci ƙwarai don na san tsawon lokacin da ya yi yana tara kuɗin. Ga zafi, mai kwalba ko mai ajin A, wato wadda ke cin wuta ko da ba ta fitar da sauti, in ta yi awa ɗaya a watan Afrilu ba ka iya barin tafin hannu a samanta.

Gyaran da na fi ɗokin gani ya yaɗu ƙarami ne, maɓallin ƙara murya. Tsohon irin da ake murɗawa yana da wata matsala, in ka sauke shi can ƙasa sai kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, kuma a nan ƙasan nake sauraro da dare in yara sun yi barci. Sababbin da ke amfani da rile, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki, sun magance wannan, kana murɗawa kana jin ƙas ƙas ƙas a cikin akwatin, kowane mataki hagu da dama daidai suke. Shi nake fara dubawa a duk sanarwar da ta fito, kafin in kai ga layin da aka rubuta wat nawa take bayarwa.