Mene Ne "Muscle Car", Kuma Me Ake Nema a Jikin Wadda Aka Farfaɗo da Ita?

Mai kallon bidiyon motoci a Facebook ko TikTok ba zai rasa cin karo da ita ba: dogon hanci, gajeren baya, ƙofa biyu, tayoyin baya masu faɗi, inji yana gurnani tun tana tsaye. Irinta Amurkawa ke kira "muscle car", wato mota mai ƙarfin damtse. Amma ba duk mota mai gudu ce ke cin wannan suna ba. Ferrari tana gudu, ba ta cikin dangin. Abin da ake nufi shi ne mota ƙirar Amurka, matsakaiciya, mai ja da tayoyin baya, wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda 8, aka kuma sa mata kuɗin da saurayi mai albashi zai iya biya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali a kansa aka gina komai.

Yawancin masana suna fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors, uwar kamfanin Pontiac, yana da ƙa'idar da ta hana sa babban inji a matsakaitan motocinsa. Sai John DeLorean, babban injiniyan Pontiac, da abokan aikinsa suka zagaye ta: suka ɗauki Tempest, motar cefane da kai yara makaranta, suka ba mai saye zaɓin ya ƙara kuɗi a sa masa inji mai girman lita 6.4 da ƙarfin doki 325. A shekarar farko sun sayar da fiye da 32,000. Nan sauran kamfanonin Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, suka shigo fage. Dodge ta fito da Charger, Plymouth da Road Runner a 1968, ga babban injinsu mai suna Hemi mai lita 7 da ƙarfin doki 425. A 1970 Chevrolet ta sa wa Chevelle SS inji mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Ford Mustang kuwa ana jayayya a kanta, don ita ƙarama ce, amma masu manyan injina a cikinsu ana lissafa su.

Kasuwar ba ta daɗe tana ci ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injina, aka daina sa Hemi a motocin titi bayan 1971. Sai ga takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoban 1973. Tashin farashin nan da ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin Gowon, shi ne ya sa Ba'amurke ya fara kallon motarsa mai zuƙar fetur kamar kaya. Da yawa aka yasar a bayan gida da rumbunan gona, tsatsa ta yi ta cin su.

Daga can ake zaƙulo su yau. Farfaɗo da mota irin wannan ya wuce a yi mata fenti a canja kujeru. Ana kwance ta ne ƙusa-ƙusa, a ɗora ƙwarangwal ɗin bodin a kan wani ƙarfe mai juyawa, yadda mai walda zai ga cikinta da bayanta. A yanke inda ya ruɓe, galibi daɓen ƙasa, ƙasan but da gefen tayoyin baya, a liƙa sabon ƙarfe. A buɗe inji, a duba fistan, a wanke kafireto, a sake wayoyi. Masu tsantseni har alamar alli da ma'aikacin masana'anta ya yi a ƙarƙashin mota suke mayarwa, su kuma nemo ainihin launin shekarar, kamar shuɗi mai sirkin ja da Dodge ta sa wa suna Plum Crazy. Aikin kan ci shekaru.

Duk da haka, abin da mai saye ke fara dubawa ba ƙyalli ba ne. Zai sunkuya da tocila ya karanta lambar da aka buga a jikin inji da giya, ya gwada ta da lambar motar. In sun zo ɗaya, ya tabbata injin da ta fito da shi daga masana'anta ne. Akwai ma takardar da ake bin mota da ita lokacin haɗa ta, wadda akan tsinta a maƙale cikin wayoyin kujerar baya bayan shekara hamsin, ta yi ja, ɓera ya ɗan taɓa gefenta. Wannan ƙyallen takarda na iya ɗaga darajar mota ƙwarai, domin ana yi wa Tempest kwalliya a sayar da ita a matsayin GTO. A 2014, a gwanjon motoci da kamfanin Mecum ya yi a birnin Seattle na Amurka, an sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5.

A nan ne raina ke ɗan sosuwa. Motar da aka ƙera don ɗan ma'aikaci ya taka a titin Woodward Avenue na Detroit da daddare ta koma dukiyar da ake kullewa a ɗaki mai sanyi, ana kai ta baje koli a kan tirela. Shi ya sa nake tare da waɗanda ke barin bodi yadda yake, su sa birki da sitiyari na zamani, ko da masu ra'ayin asali za su ce an ɓata ta. Gaskiya ce motocin nan sun iya miƙe hanya, amma ba su iya kwana ba, birkinsu na da kuma bai kai ƙarfin injinsu ba. Wanda zai hau ta cikin cunkoson yau yana buƙatar ta tsaya in ya ce ta tsaya. Masu hankali a cikinsu sukan adana tsofaffin kayan da suka cire a akwati, don in motar ta koma hannun mai son asali ya mayar da su wurinsu.