Wanke matatar akwatin kifi da sabulu ba tsafta ba ce

Wasu masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi sun ɗauka cewa sai an wanke soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, fes da sabulu. In kifi ya fara mutuwa, sai a ce na'urar ta tsufa, a tafi neman sabuwa mai tsada.

Wannan dauɗa mai ruwan ƙasa da ke jikin soson gidan ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce ga kifi, su kuwa ƙwayoyin nan ne ke sarrafa ta. In aka kashe su da sabulu, sai mako 4 zuwa 6 kafin su dawo, kifi na shan wahala a tsakani.

Ɗebi ruwan akwatin a bokiti, ka matse soson a ciki sau biyu, ya isa. Ruwan famfo mai kulorin kashe ƙwayoyin yake yi. In ƙarin ƙarfin tacewa kake so, saka sabon soso da wankakkiyar tsakuwa kusa da tsohon, kada ka yar da shi. Ruwa kuma rubu'insa za ka riƙa canjawa duk mako.