Akwifa ba kogi ba ce a ƙarƙashin ƙasa

Tun da aka fara kukan ƙafewar rijiyoyin burtsatse, kalmar akwifa ta shiga bakin masu sharhi, kuma kusan kowa fassara ta yake da "kogin ƙarƙashin ƙasa". Wannan fassara ɓarna take yi. Akwifa shimfiɗar yashi da tsakuwa ce, ko dutse mai ƙofofi, wadda ruwa ya jiƙe ta ya zauna a tsakanin ƙwayoyinta, irin ruwan da ake samu idan an tona yashin gulbi da rani.

Manoman filayen tsakiyar Amurka sun daɗe da wannan kuskure. Akwifar Ogallala tana ƙarƙashin jihohi 8, daga Dakota ta Kudu zuwa Texas, faɗinta kusan murabba'in kilomita 450,000, kuma da yawa daga cikin manoman sun ɗauka kogi ne mai gangarowa daga duwatsun Rocky wanda ba ya ƙarewa. Tsofaffin taswirorin gonaki sun nuna filaye masu kusurwa huɗu, eka 160 kowanne, kamar yadda dokar rabon ƙasa ta 1862 ta tanada. Bayan wani manomi mai suna Frank Zybach ya sami rajistar mallakar fasahar injin ban-ruwa mai kewayawa a 1952, sai hotunan sama suka cika da korayen da'irori: bututu mai tsawon mita 400 yana zagaye rijiya ɗaya, yana shayar da kimanin eka 130.

Lissafin ne ya kamata a tsaya a kansa. Mita ɗaya ta jiƙaƙƙen yashin Ogallala ruwan da take saki bai wuce kimanin santimita 15 ba, sauran ƙasa ce da ruwan da ya maƙale a jikinta. Gonar masara kuwa tana iya shan sama da santimita 30 na ban-ruwa a shekara, alhali a yankin Texas abin da ruwan sama ke mayarwa ƙasa sau da yawa bai kai santimita 3 ba. Shi ya sa taswirorin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, masu kwatanta zurfin ruwan yau da na wajen 1950, suka nuna ya sauka fiye da mita 45 a wasu sassan Texas da Kansas. A Nebraska, inda tuddan yashi ke tsotse ruwan sama, raguwar kaɗan ce.

Wanda aka ce masa akwifa kogi ce, idan rijiyarsa ta ja baya sai ya ƙara zurfi ya sayi babban famfo, ya janye ruwan maƙwabcinsa, kuɗin mai ya ƙaru, ƙarshe famfon ya fara zuƙo iska da yashi.