Takarda ta manne a kan teburin katako, ya za a cire ta?

Wai me ke sa takarda ta manne haka ne?

Yawanci danshi ne da zafi. An ɗora kofi mai zafi a kan jarida, ko ruwa ya zuba a ƙarƙashin littafi ba a lura ba har ya bushe, sai banish ɗin saman katakon ya ɗan yi laushi ya kama takardar, in ka ja sai samanta ya taso ya bar maka farin ɓurɓushi kamar auduga.

Toh in sa reza ko wuƙa in kankare?

Don Allah kar ka fara. Takardar dai za ta fita amma da banish ɗin za ta tafi, kuma irin wannan tabon sai kafinta. Soson ƙarfe da sanfefa ma haka.

Da me zan cire kenan?

Da mai. Man zaitun, man girki ko man shafawa na jarirai duk suna yi. Ka ɗiga a kan takardar har ta jiƙe ta yi duhu, ka bar ta kamar minti 20 zuwa 30, sannan ka ɗauko tsohon katin ATM ka kwantar da shi kana turawa a hankali ta inda zanen katakon ya bi, ba a gicciye ba, za ka ga tana nannaɗewa tana tashi da kanta. Inda ta ƙi tashi ƙara mai ka jira, gaggawa ce ke ɓata tebur gaskiya. In ka gama ka goge maiƙon da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, ka bi da busasshe nan take.

In katakon ba a shafa masa banish ba fa?

Nan kam banda mai, zai shige ciki ya bar tabo mai duhu. Tsumma za ka tsoma a ruwan ɗumi ka matse sosai, ka shimfiɗa a kai na ɗan lokaci sai ka murza da yatsa.

Sitika ce mai gam ta manne, duk ɗaya ne?

Ita zafi take so. Kunna dirayar gashi a ƙaramin zafi daga ɗan nesa, gam ɗin na laushi ka ɓare daga gefe, sauran danƙon mai zai ɗauke shi.

An ce min sipirit ko abin goge jan farce ya fi sauri?

Ya fi sauri wajen narkar da banish ɗin ma, musamman mai sinadarin asiton a ciki. Duk abin da za ka shafa, fara gwada shi a ƙarƙashin teburin inda ido ba ya kaiwa.