Wa zai tayar da injinan? Tambayoyin iyaye da ɗalibai kan karatun ƙere-ƙere

Duk shekara idan yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, ko lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, gardama iri ɗaya ce ke tashi a gidajenmu. Uba na son ɗansa ya zama likita ko lauya, uwa na fatan 'yarta ta samu aikin ofis, shi kuwa yaron tun yana firamare yake kwance rediyo ya sake ɗaure ta. Ga tambayoyin da na fi ji daga bakin iyaye da ɗalibai, da abin da nake gaya musu.

Wace masana'anta za a tura yaro, alhali masaƙun Kaduna da Kano sun daɗe da mutuwa?

Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, daga baya su UNTL da Arewa Textiles suka biyo. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. A Kano kuwa, Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da ma'aikata. Dattawan Kakuri har gobe suna ba da labarin yadda titi ke cika maƙil da kekuna idan jiniyar canjin aiki ta kaɗa. Sannan abubuwa suka taru suka yi wa masana'antun rubdugu: wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, karyewar naira bayan 1986 ta sa sayen kayan gyara daga waje ya gagara, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana.

Amma mutuwar masaƙa ba ta hana sauran injina juyawa ba. Ana yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Obajana ta Kogi. Manyan injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Birnin Kebbi da Argungu. Ana jimar fata a Challawa da Sharaɗa, ana yin robobi, da taliya, da man gyaɗa, da takin zamani. Bututun iskar gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano ya kai kilomita 614, kuma kowace gaɓa tasa mai walda ne ya haɗa ta. Matatar Ɗangote da ke Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, aka ƙaddamar da ita a 2023, ba da takardun ofis take aiki ba. Duk inda inji ke juyawa, akwai wanda ya kafa shi, akwai mai kula da shi, akwai wanda za a tasa da tsakar dare idan ya tsaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa wanda ake tasowar daga wata ƙasa aka ɗauko shi, ko daga wani yankin, a garin da matasa masu takardar digiri ke zaune a majalisa tun safe. Ko a gini ma, mai kuɗin da ke son a shimfiɗa masa tayil ya fita tsaf, sai ka ji yana cigiyar 'yan Togo ko 'yan Kwatano.

Idan yaro yana so, ta wace ƙofa zai shiga?

Ƙofofin uku ne, kuma ɗaya tana iya kai mutum ga ɗaya.

Ta farko ita ce kwalejin fasaha ta matakin sakandare. Bayan aji uku na ƙaramar sakandare, yaro zai yi shekara 3 yana koyon sana'a guda, kamar wayarin, walda da ƙirar ƙarfe, kanikancin mota, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ko gini, tare da lissafi da Turanci da kimiyya. A ƙarshe zai zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun fasaha, ya samu takardar shaidar fasaha ta NTC, kuma da ita ana iya neman gurbin karatu na gaba. Iyaye da yawa ba su san haka ba, suna ɗauka wanda ya shiga can ya yi sallama da jami'a ke nan.

Ta biyu foliteknik: shekara 2 ta ƙaramar difloma, shekara 1 ta sanin makamar aiki a kamfani, sai shekara 2 ta babbar difloma. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tantance kwasa-kwasan, don haka kafin ka biya kuɗin makaranta, bincika ko ta amince da kwas ɗin. Ta uku digirin injiniya, shekara 5, a wurare irin su ABU Zariya, Jami'ar Bayero, ATBU Bauchi, ko jami'ar fasaha ta Minna. Mai nufin nan sai ya riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da hannu biyu tun daga aji huɗu na sakandare.

Akwai kuma makarantu na musamman da ba a cika ambata ba. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar koyar da fasahar fata. Ga yankin da ke fitar da fatun awaki da tumaki zuwa Turai, a mayar da su takalma da jakunkuna a sayar mana da tsada, ya kamata a ce ana rububin shigarta.

Ba an ce ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ba?

A aikin gwamnati, e, bambancin yana nan, kuma zalunci ne da aka daɗe ana kuka da shi. A cikin masana'anta kuwa, inji bai san takarda ba. Idan layin aiki ya tsaya, kowace awa asara ce, wanda ya iya gano matsalar ya tayar da shi shi ne mai daraja. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a foliteknik ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit ta Amurka ya koyi zanen motoci. Daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da ƙirar motoci a 2017.

Me zai hana in kai shi gareji ko Panteka kai tsaye, in huta da kuɗin makaranta?

Kai shi, amma kada ka cire shi daga aji. Duk wanda ya taɓa zagaya Panteka a Kaduna ya san akwai basira a ƙasar nan: a narkar da sanholo a zuba tukunya, a haɗa injin niƙa da na sussukar masara daga tarkacen ƙarfe. Wurin irin waɗannan iyayen gida ne hannu ke faɗawa. Sai dai akwai bangon da yawancinsu ke cin karo da shi. A ba mutum zane mai ma'auni a ce ya fitar da ƙarfe guda ɗari, kowanne daidai da ɗan'uwansa ko ƙwayar milimita ba ta kuskure ba, nan ido da ƙiyasi ke gazawa. Kamfani kuwa abin da yake saye ke nan: abu iri ɗaya, yau da gobe da jibi.

Haka abin yake a gareji. Motar yanzu kwamfuta ce ke sarrafa ta, makaniken da bai iya jona na'ura ya karanta abin da ta nuna ba, sai ya yi ta canza kaya da kame-kame har aljihun mai mota ya ƙare. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mayar da motoci su koma amfani da iskar gas ya zama sana'a, kuma kuskure a cikinta rai yake ci. Mai haɗa sola da bai iya lissafin nauyin wutar gida ba, batirin mutane zai ƙona.

Shawarata ita ce a haɗa biyun: makaranta da safe, wurin oga da yamma da lokacin hutu. Wanda kuma ya riga ya girma a sana'a ba tare da takarda ba, akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, akwai kuma tsarin NSQ da NBTE ke kula da shi, inda ake auna abin da hannun mutum ya iya a ba shi shaida.

Amma mutane na raina mai baƙin mai a riga. Wa zai ba shi 'yarsa?

Wannan raini baƙo ne a wurinmu, ko a ce ya yi ƙarfi ne da zuwan aikin albashi. Da me Kano ta yi suna kafin a san ofis? Da saƙa da rini da jima da ƙira. Karofin Ƙofar Mata ya haura shekara 500, kuma turkuɗin Kura da fatun da majemanmu suka jeme sun ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa da Maƙera sunan sana'a suke amsawa. Yau ma, a dubi wanda ke da shagon walda da yara goma a ƙarƙashinsa, a dubi wanda ke jiran albashin da ba ya kai tsakiyar wata, sai a faɗi wanda ya fi riƙe gida.

'Ya mace fa?

Har da ita. A Sakkwato akwai garejin da mata zalla ke gyaran mota. Kuma ba duk aikin masana'anta ne ɗaga ƙarfe ba. Kowane kamfanin abinci ko magani yana da ɗakin gwaji da ke tabbatar da ingancin kaya kafin su fita, akwai zanen kayan inji a kwamfuta, akwai gyaran waya da haɗa allunan lantarki masu buƙatar natsuwa. Abin da ya kamata uba ya bincika shi ne tsaron wurin da mutuncin masu koyarwa, kamar yadda zai yi a kowace makaranta.

Yanzu ai zamanin kwamfuta ne. Ba gara ya koyi rubuta manhaja kawai ba?

Ya koya, sana'a ce mai kyau, gwamnatin tarayya ma ta ɓullo da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa a kanta. Amma kada a ɗauka fasaha ta tsaya a allon waya. Injinan da ke cika kwalba da ɗinke buhun siminti manhaja ce ke ba su umarni, kuma wanda ya san lantarki da ƙarfe da manhaja gaba ɗaya ya fi kowa wuyar samu. Jami'ar Bayero tana da sashen da ke koyar da wannan haɗin, ana ce masa mekatironiks. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injinan ƙananan motocin bas ya mayar da su masu aiki da batiri. Aiki irin wannan sai wanda ya riƙe sifana ya kuma san lissafin wuta.

Ta yaya za a sa yaro ya so abin tun farko?

Da wa'azi kaɗai ba zai so ba, sai ya taɓa. Na san makarantar da ake koyar da fasaha a allo shekara uku cur, ana zana zarto da alli, ɗakin aikin kuma a kulle, injinan ciki sun yi tsatsa don babu wuta babu mai kunna su. Yaron da ya fito daga nan ba laifinsa ba ne idan ya tsani darasin.

Shugaban makaranta yana iya rubuta takarda zuwa kamfanin shinkafa ko na roba mafi kusa, ya nemi a bar 'yan aji biyu su zagaya na awa biyu. Yana iya gayyato tsohon ɗalibin da ke aikin lantarki ya zo da kayan aikinsa ranar Alhamis. Masu kamfanoni su ma su daina mayar da ɗaliban SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfani, 'yan aike. Hukumar ITF mai horar da ma'aikatan masana'antu ta ƙirƙiro shirin ne tun shekarun 1970 domin ɗalibi ya tsaya gaban inji, ba domin ya sayo wa manaja abinci ba. Kai kuma ɗalibi, idan lokacin ya zo, kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida. Nemi inda za ka dawo da datti a riga, ko da ba za a ba ka kuɗin mota ba.

A gida kuwa, idan fanka ta lalace, a cire ta daga wuta, a miƙa wa yaron sukundireba kafin a kira mai gyara. In ya kasa, a sa shi ya tsaya kusa da mai gyaran, ya riƙe masa tocila, ya yi ta tambaya har a ɗaure kusa ta ƙarshe.