Wanda ya rubuta manhaja ba lallai ne ya zama mai ita ba

An daɗe ana ɗauka cewa manhajar da ma'aikaci ya rubuta da hannunsa tasa ce, ranar da ya bar aiki sai ya tattara ta ya tafi. A Amurka doka ba ta ce haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta ɗauki kamfani a matsayin mai duk abin da ma'aikacinsa ya rubuta cikin aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Masu wancan tunani kan kafa hujja da Sergey Aleynikov, wani mai rubuta manhaja. A 2009, yana shirin barin bankin Goldman Sachs, ya kwafi wani sashe na manhajar cinikin hannun jari ta bankin ya tura shi zuwa wata kwamfuta a Jamus. An yanke masa ɗaurin shekara 8 da wata 1, amma a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi. To ai kotun ba ta ce manhajar tasa ce ba! Cewa ta yi dokokin da aka tuhume shi da su ba su kama abin da ya yi ba. Kafin shekarar ta ƙare majalisar dokokin Amurka ta toshe giɓin, jihar New York kuma ta gurfanar da shi daban, babbar kotunta ta tabbatar da laifinsa a 2018.

Kamfanoni ma kan wuce gona da iri. Ƙwarewar da mutum ya samu a wurin aiki tasa ce, shi ya sa a jihar Kalifoniya kotu ba ta cika amincewa da yarjejeniyar hana tsohon ma'aikaci komawa kamfanin hamayya ba.