Ƙwayoyin T da kumburin jijiyoyin jini

Kumburin jijiyoyin jini, wanda likitoci ke kira baskulaitis, rukunin cututtuka ne da garkuwar jiki ke juyowa ta auka wa bangon jijiyoyin mai ita. Wani muhimmin nau'insa yana kama ƙananan jijiyoyin ƙoda da huhu da hanci, ana kuma gane shi da wani antibodi a cikin jini mai suna ANCA; antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama maƙiyi. A Ostireliya aka fara bayyana wannan antibodi a 1982, sannan a 1985 aka danganta shi da cutar da likitan Jamus Friedrich Wegener ya siffanta tun 1936.

Furotin biyu ANCA ke fi farauta, MPO da PR3. Dukkansu 'yan gida ne: suna cikin nutrofil, fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isa wurin rauni, kuma aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Da yake antibodi ake aunawa a ɗakin gwaji, shi ya yi suna. Amma ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, su ne ke tsaye a bayansa.

Asalin ƙwayoyin T ɓargo ne, daga nan su wuce taimos, wani ɗan ƙullutu a bayan ƙashin ƙirji, inda ake tankaɗe su. Wadda duk ta ɗauki furotin jiki a matsayin maƙiyi, can ake kashe ta. Sai dai rariyar ba ta tare komai ba; wasu kan sulale su shiga jini. Waɗannan kuwa akwai ƙwayoyin T masu tsawatarwa da ke danne su. A jikin masu wannan cuta an ga aikin masu tsawatarwar ya yi rauni, yayin da nau'in Th17 ke ƙaruwa, yana fitar da sinadarin IL-17 mai kiran nutrofil.

Hujjojin cewa ƙwayoyin T na da hannu a cutar suna da ƙarfi. ANCA na ajin IgG ne, irin wanda ƙwayar B, farar ƙwayar jinin da ke ƙera antibodi, ba ta cika ƙera shi ba sai da taimakon ƙwayar T mai alamar CD4. Binciken gado da aka wallafa a 2012 ya danganta nau'in cutar da ANCA ke farautar PR3 da HLA-DP, na MPO kuma da HLA-DQ, su kuwa HLA furotin ne a saman ƙwayoyin jiki, aikinsu ke nan, ɗaga guntun furotin su nuna wa ƙwayar T. Mafi ɗaukar hankali ita ce ƙoda. In an yanko tsokarta aka duba, antibodin da ya taru bai taka kara ya karya ba, amma ga ƙwayoyin T birjik. ANCA ke tunzura nutrofil ta manne a bangon jijiya ta zubar da MPO, sai ƙwayar T ta zo ta tarar da abin da take nema, ta iza wutar. Masu bincike a Melbon sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin T masu gane MPO na iya lalata ƙoda ko da babu antibodi.

Daga cikin abubuwan da aka danganta da cutar akwai ƙurar silika, irin wadda masu fasa dutse ke shaƙa, da magunguna kamar hydralazine da propylthiouracil. Zaman ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus a hanci kuma yana da alaƙa da dawowarta.

A Bauchi da Gombe cutar na iya sajewa da abin da aka saba gani. Haɓo a lokacin hunturu ba ya ɗaga hankalin kowa, tari da jini kuwa tarin fuka ake fara zato, kuma da gaskiyar masu zaton, domin ya fi ta yawa nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne haɓon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga rama da ciwon gaɓoɓi, ga jini da furotin a gwajin fitsari. Irin wannan majiyyaci wurin likitan ƙoda ya dace a tura shi, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Magani shi ne kwantar da garkuwar jiki, da prednisolone haɗe da cyclophosphamide ko rituximab, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2011. Kafin a fara, akan duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don kada su farfaɗo. Rituximab ƙwayoyin B yake sharewa, masu ƙera antibodi kuma masu nuna wa ƙwayar T furotin. Duk da haka cutar kan dawo bayan ta lafa, musamman ga masu PR3, shi ya sa ake ci gaba da maganin riƙo na shekara biyu ko fiye.